Kano: arziki ne ke ƙaruwa, ko jama'a ce kawai ke ƙaruwa?

Ɗan_Gwale: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ga gara in kawo shi nan. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a Fatakwal. Gida sai da Sallah, shi ma kwana huɗu ko biyar, daga gidanmu sai gaishe-gaishe a cikin gari in koma. Yanzu na dawo gaba ɗaya. To ranar Asabar na ɗauki ƙanena muka bi titin Gwarzo, ina so in ga gonar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake nomawa a bayan Rijiyar Zaki muna yara. Wallahi ban gane wurin ba. Inda muke korar tsuntsu daga gero yanzu gidaje ne a jere, ga mai cajin waya, ga Islamiyya, ga mai ɗura gas. Wata tsamiya da muke ɗaure jaki a gindinta ce ta nuna mini wurin, ita ma katangar wani ta cinye rabinta. Muka wuce sabuwar Jami'ar Bayero (BUK) har Janguza, gini bai yanke ba.

Na yi murna, na kuma tsorata. Duk wannan jama'a da ke kwararowa, arziki ne ya ƙaru a garin har yake jawo su, ko kuwa arzikin yana nan yadda yake, masu rabonsa ne suka ƙaru? Ku da kuke zaune kun fi ni sani.

Alhajin_Kwari: Wa alaikumus salam. Barka da dawowa, Allah ya sa an dawo a sa'a. Ɗana, jama'ar nan da ka gani ita ce arzikin. Shekarata talatin da wani abu a Kantin Kwari. Ka zo ranar Litinin da hantsi ka tsaya a bakin layinmu ka saurara: za ka ji Zabarmanci, ka ji Barbarci, ka ji Larabcin Chadi, ka ji Faransanci. Wanda ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ko Garwa bai zo kallon gini ba, dila-dilar atamfa da shadda ya zo ɗauka. Kowane baƙo ɗaya kuma sai ya ciyar da ɗan dako, da mai ɗaurin kaya, da mai abinci, da ɗan adaidaita, da mai masauki, da ɗan canji a Wapa. Kasuwa ba rumfa ba ce, mutane ne.

Bakatsine_a_Kurna: Gaskiya ne Alhaji. Ni shaida ne, da jaka ɗaya na sauka a garin nan, yau ina da shagon tireda da iyali.

Malam_Lissafi: Bari mu fara da abin da ke rubuce kafin kowa ya kawo nasa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, Legas kuma miliyan 9.1. Wannan fa bayan an yanke Jigawa daga jikin Kano a 1991, ita ma Jigawar aka ƙirga mata sama da miliyan 4. Tun daga 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Saboda haka duk adadin da kuka ji ana faɗa yau hasashe ne aka ɗora a kan na 2006.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon jama'ar. Ƙananan hukumomi 44 gare mu, amma takwas ne ke ɗauke da nauyin birni: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Biyun ƙarshen nan a da ƙauye ake kiransu. Yanzu kuma garin ya tsallaka ya fara cin Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa da Dawakin Tofa.

Ɗan_Agege: Malam, wannan ƙidaya ta 2006 ai gwamnatin Legas ba ta taɓa yarda da ita ba. Ni a Agege nake zaune shekara tara. Ku zo ku ga Oshodi da safe sannan ku ce Kano ta fi Legas mutane.

Malam_Lissafi: @Ɗan_Agege, haka ne ba su yarda ba, ban ɓoye ba. Amma kana gwada birni da birni ne, ƙidayar kuwa jiha da jiha ta gwada. Legas kusan dukkanta birni ce. Kano kuwa bayan birnin akwai Wudil, Gaya, Rano, Bichi, Ɗambatta, Gwarzo, Sumaila, har Doguwa can iyakar Kaduna, duk cike da mutane. Birnin Legas ya fi birnin Kano, wannan ba gardama.

Ɗan_Gwale: Don Allah kar mu ɓata a gasar Kano da Legas. Ko da mu ne muka fi yawa, me yawan ya tsinana mana? Nan tambayar take.

Tsohon_Ma'aikaci: Yawwa ɗana, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Alhajin_Kwari, da girmanka, zan saɓa maka kaɗan. Na yi shekara goma sha bakwai a wata masaƙa a Sharaɗa. A lokacin aiki kashi uku ake yi, na safe, na rana, na dare. In an tashi ƙarfe biyu, titin nan kekuna ne kamar fari, ba ka ganin kwalta. Masu abinci a bakin ƙofa bashi suke ba mu har ƙarshen wata don sun san albashi na zuwa. Da wannan albashi na yi aure, na sayi fili a Ja'en, na sa yara a makaranta.

Sai abubuwa suka taru mana. Wuta ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake kunna tukunyar tururi da shi ya yi tsada, kaya kuma suka dinga shigowa ta bayan fage da arahar da ba za mu iya ba. Aka rage mu, aka sake ragewa, ranar ƙarshe aka ba mu takarda a bakin ƙofa. Kwanaki na bi ta wurin, ginin ya zama sito. Ka san me ake ajiyewa a ciki? Yadin da aka saƙo a ƙasar Sin.

To atamfar da kake sayarwa a Kwari, Alhaji, ina aka saƙa ta? Ribar dillanci ce ke zama a Kano, ladan saƙar yana can wata ƙasa. A da Bompai da Sharaɗa da Challawa su ke haɗiye samarin da suka shigo gari. Yanzu saurayi in ya shigo, adaidaita ce, ko dako, ko ga-ruwa, ko cajin waya. Ni abin da nake gani taron tsintsiya ne ba shara.

Alhajin_Kwari: Malam, ban musa maka ba, raina ma ya sosu da labarinka. Ni kaina da na fara kasuwa kayan Kano da Kaduna nake sayarwa, kuma da alfahari. Amma in ce wa mai saye me? Ya zo da kuɗin turmi ɗaya yana so ya yi wa mata biyu kayan Sallah. Ba mu muka kashe masaƙu ba, mu ma bin kasuwa muka yi. A gyara wuta a gani in ba mu koma ba.

Injiniya_Challawa: Baba Tsohon_Ma'aikaci, Allah ya saka da alheri, amma kar matasa su karanta su ɗauka komai ya mutu. Masaƙu ne suka durƙushe. Kamfanonin roba suna aiki, bokiti, kujera, silifa, leda, buhu, kuma kayansu har Nijar da Chadi. Majemu a Challawa suna fitar da fata zuwa Turai. Injinan gyaran shinkafa kuwa sun yawaita ƙwarai, musamman tun da aka rufe iyakoki a 2019. Bambancin shi ne injin yanzu ba ya cin mutane da yawa kamar masaƙa, kuma mafi yawa aikin kwantiragi ne, ba fansho ba komai. Mu abin da muke jira shi ne bututun gas na AKK, daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Dizal ne ke cinye ribar duk wani mai inji a garin nan.

Ɗan_Dawanau: Duk kun tsaya a yadi. Ku fito titin Katsina ku ga Dawanau da kaka. Riɗi, zoɓo, citta, waken suya, wake, gyaɗa, masara, tirela na shiga tirela na fita. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa a nan ake tara shi, a tsince, a ɗura a kwantena, ya tafi har Meziko. Riɗi kuma masu saye daga Asiya da Turkiyya suke nema. Mata nawa ne ke cin abinci da tsintar zoɓo da riɗi kaɗai? Wannan ba dillancin kayan wani ba ne, amfanin ƙasarmu ne. Ga kuma tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki da aka buɗe a farkon 2023, in ta kama aiki sosai ba sai mun bi kaya har Legas ba.

Tsohon_Ma'aikaci: Ɗan_Dawanau, madalla. Amma riɗin nan ɗanye yake fita ko mai? Gyaɗar da aka yi dala da ita a garin nan ma haka ta dinga fita a buhu. Ina dalar take yau?

Maman_Ilham: Ni dai ku bar ni da lissafin tirela, ku zo mu yi maganar ruwa. Ina zaune a wata unguwa ta awon igiya, wato filayen da dillalai suka yanka ba tsarin gwamnati, a yankin Kumbotso. Shekara shida da tarewarmu, ban taɓa ganin bututun famfo a layinmu ba, balle ruwa. Kullum sai mun sayi kura guda a wurin 'yan ga-ruwa, ranar wanki biyu. In zafi ya yi, ko aka kwana biyu ba wuta masu bohol ba su tayar ba, sai ka ga yara da jarkoki tun asuba suna zagaye unguwa, wasu har makaranta ta wuce su. Rijiyar gidanmu da muka tare guga takwas take ba mu kafin ta yi laka, yanzu daga watan uku ta ƙafe sai damina, saboda kowane mai hali ya haƙa bohol ya zuƙe na ƙasa.

Lungunmu kuwa mota ba ta shiga. Ranar da maƙwabciyata ta fara naƙuda da dare, a kafaɗa aka riƙo ta har bakin titi. Wanda ya yanka filayen bai bar hanya ba, bai bar kwata ba, bai bar filin makaranta ba, ko maƙabarta sai mun tafi wata unguwa. Kuma duk da haka kuɗin haya kowace shekara sai ya hau. In wannan ne bunƙasa, mu dai ba ta iso mu ba.

Ummu_Sadiq: Maman_Ilham kamar a bakina kika ɗauka. Mu a Rimin Kebe da damina sai mun cire takalmi.

Mai_Safiyo: Hajiya Maman_Ilham, abin da kika faɗa shi ne cutar garin nan, kuma aikina ne, kullum ina gani. Yadda abin ke faruwa: manomi a gefen gari ya ga gonarsa in ya sayar zai samu abin da noman shekara ashirin ba zai ba shi ba. Dillali ya saya, ya zo da igiya da turaku ya yanka ƙanana-ƙanana, don duk taku ɗaya da ya bari na hanya asara ce a wurinsa. Talaka kuma shi ne abin da zai iya saya, don filin gwamnati mai takarda ya fi ƙarfinsa. Kafin hukuma ta waiwayo an yi gida ɗari biyar. Sannan a zo ana neman inda za a bi da bututu ko a kafa turken wuta, babu.

Matatun ruwa muna da su, Challawa, Tamburawa, Watari, ga madatsar Tiga tun zamanin Audu Baƙo, ga ta Challawa a Ƙaraye. Ruwa ba shi ne babu ba. Garin ne ke gudu, bututu na tafiyar hawainiya. Wani abin kuma, kududdufan cikin gari da kakanninmu suka bari suna shanye ruwan sama, an cike da yawansu an yi gini. Shi ya sa ruwan awa biyu ke tsayar da gari. Ko Kwari ba ta tsira ba, 'yan kasuwa ba su manta da ambaliyar 2022 ba.

Alhajin_Kwari: Kar ka tuna min. Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Ɗan_Cikin_Badala: Ni fa a ganina baƙi ne suka yi yawa. Kowa ya ga dama ya kwaso kaya ya taho Kano. Mu 'yan asali yanzu haya ma ta gagare mu a garin ubanmu.

Malam_Tarihi: Ɗan_Cikin_Badala, ɗan'uwa, ka zaga cikin badalar nan taka ka karanta sunayen unguwanni. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Wangarawa sun zo tun zamanin Sarki Yaji, suka kawo ilimi da fatauci. Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi ne don baƙi su zo. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta mutanen birnin dubu 30, ya ce lokacin fatauci da rani sukan kai ninki biyu. Ka ga tun a wancan zamani rabin garin a lokacin kasuwa baƙi ne. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911 aka sake buɗe wata ƙofar, Sabon Gari ya kafu, cinikin gyaɗa ya tashi, su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Kirarin da muke yi, ko da me ka zo an fi ka, ai da mai zuwa ake yi. Garin da ba a zuwa ba ya samun wannan kirari.

Ya_Bukar: Ɗan_Cikin_Badala, ban ji haushinka ba, amma bari ka ji ta bakin baƙon. Ni ba kwaso kaya na yi ba, don ba kayan da na fito da su. A 2014 muka baro garinmu a Borno da matata da yara huɗu da mahaifiyata. Motar da ta sauke mu a Unguwa Uku, ban san mutum ɗaya a Kano ba. Wani dattijo mai sayar da shayi ya ga tsohuwa a zaune a ƙasa, ya ba mu shayi da burodi bai karɓi ko sisi ba, ya kai mu wurin mai unguwarsu, aka ba mu soro muka kwana wata biyu. Sana'ar da na iya ita ce hula. Na fara da wanki da guga na hula a bakin wani masallaci, yau ina da rumfa, yara shida suna aiki a ƙarƙashina, huɗu daga cikinsu Kanawa ne. Mahaifiyata a nan ta rasu, a nan aka binne ta. Yarana Hausar Kano suke yi, in na yi musu Barbarci da Hausa suke amsawa. Ban san wane gari zan kira nawa ba in ba wannan ba.

Ɗan_Cikin_Badala: Ya_Bukar, ka yafe ni, ba irinku nake nufi ba. Allah ya jiƙan mahaifiya. Zafin haya ne ya sa ni magana.

Ya_Bukar: Ba komai ɗan'uwa, hayar nan ni ma tana ci na.

Ɗan_Gwale: Maganar Ya_Bukar ta buɗe min wani gefe da ban yi tunani ba. Ke nan ba kowa ne arziki ya jawo ba, wani masifa ce ta koro shi.

Bakatsine_a_Kurna: Sosai. Ni don nema na zo, amma 'yan'uwana da suka biyo ni shekarun nan 'yan bindiga ne suka hana su noma. Ka shiga Kurna da Bachirawa da Rijiyar Lemo ka tambaya, mutanen Katsina da Zamfara sun cika. A da ɗan ci-rani in ruwa ya sauka sai ya koma gona. Yanzu da yawa ba gonar komawa.

Anti_Nas: Kowa na maganar masu zuwa, ba wanda ya yi maganar waɗanda ake haifa a nan. Ni a ɗakin haihuwa nake aiki. Akwai daren da gado ke ƙarewa mu shimfiɗa tabarma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar sama da shida a tsaka-tsaki, alhali na ƙasa baki ɗaya biyar da ɗan ɗoriya ne. Ko da an rufe duk hanyoyin shigowa Kano yau, garin zai ci gaba da cika daga cikin gida. Ni ba na cewa kowa ya ƙayyade iyali. Abin da nake roƙo shi ne tazara. Ina ganin mata da goyon wata bakwai ga wani cikin, jini ya ƙare, ƙafa ta kumbura. Wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Abu_Huzaifa: Anti, a yi hattara. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ƙasar Sin da Indiya sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, kuma ga inda suke. Matsalarmu shugabanci ce ba haihuwa ba.

Anti_Nas: Malam, ban ja da arzikin Allah ba. Amma shayarwa shekara biyu ai a Alƙur'ani take. Ita kaɗai in aka cika ta, an samu tazarar da nake magana.

Malama_Firamare: Abu_Huzaifa, yawan Sin da ka kawo, yawa ne da aka koya wa karatu da sana'a. Ajina yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zaune, in na ba da aiki ba na iya duba littafin kowa kafin a tashi. Akwai yaron da sai a zango na biyu na gane ko sunansa bai iya rubutawa ba, ya ɓace min a cikin taro. Gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, muna fatan alheri, an kuma fara gyare-gyare a wasu wurare. Amma aji ɗaya ake ginawa, yaran aji uku ake haifa. Waɗannan yara su ne Kanon shekara ashirin masu zuwa, ko su zama masu ƙera abin sayarwa a Kwari, ko su zama abin da muke kuka da shi na faɗan daba.

Adaidaita_Sahu_4040: Ni da kuke ta ambato bari in yi magana. Daga Sumaila nake. Acaɓa na fara, aka hana a 2013, na koma adaidaita. A da kafin azahar na haɗa balas ɗin mai mashin, abin da ya biyo baya nawa ne. Yanzu mun yi yawa, a kan fasinja ɗaya mu huɗu za mu tsaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma mutane da yawa sun koma tafiyar ƙafa, wanda zai hau ma sai ya yi ciniki kamar zai sayi akuya. Gadoji an yi, ta Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Hotoro, sun taimaka, amma ka bi ta Kurna ko 'Yankura da yamma ka ga yadda ake tafiya. Duk da haka in ka ce in koma Sumaila ba zan koma ba. A nan ko ba komai in na fito zan koma da na cefane. Can in kaka ta wuce sai zaman gindin bishiya.

Hajjo_Kayan_Kicin: Ni kuma ta wannan gefen sai godiya. Daga ɗakina nake kasuwanci. In saro a Kwari da Ƙofar Wambai, in ɗora a WhatsApp, masu saye daga Gombe, Yola, Jos, Abuja. Yaro ya kai tashar Unguwa Uku ko Na'ibawa, gobe kaya sun isa. Da a wani gari nake ba zan iya ba, don a nan ne kaya suke, a nan ne kuma motar ko'ina take tashi. Mata irina a garin nan ba su ƙirguwa, kuma ba wanda ke sa mu a lissafi in ana maganar tattalin arziki.

Ɗan_Kura: Adaidaita_Sahu_4040 ya faɗi abin da ya kamata a tsaya a kai. Me ya sa Sumaila ba ta riƙe shi ba? Mu a Kura da Bunkure da Garun Malam, saboda ruwan Tiga da ke bin magudanan Kadawa, noma ba ya tsayawa, shinkafa, tumatir, albasa, alkama. Samarinmu ba sa rububin tafiya birni kamar na wasu wurare, hasali ma mu ake zuwa wa aikin gona. Wudil ga kasuwar shanu ta Juma'a ga jami'a. Inda duk aka kai ruwa da hanya da wuta, mutane na zama. Da za a yi wa garuruwa biyar ko shida haka da gaske, da birni ya numfasa.

Bichi_Tawa: Ai hujjar da aka kawo ke nan lokacin da aka ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye a 2019, a kai ci gaba waje da birni. Sai aka rushe a 2024.

Mai_Kula_da_Zaure: Bichi_Tawa, da girmamawa, maganar masarautu a ajiye ta. Mun san inda take kai mu a zauren nan. A ci gaba da batun da Ɗan_Gwale ya kawo.

Ɗan_Dawanau: Baba Tsohon_Ma'aikaci, na dawo kan tambayarka, ban gudu ba. Gaskiya mafi yawa ɗanye yake fita, gyara da tsincewa kawai muke yi. Na yarda da a nan ake matse shi da an fi samun aiki. Amma ko a haka, in layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya kammala, kasuwarmu za ta ƙara faɗi. Mun ga abin da ya faru da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023, ciniki ya ja baya har sai da aka buɗe.

Tsohon_Ma'aikaci: Allah ya sa ina raye in gani. Ni dai burina jikana ya samu aikin da za a ba shi takardar albashi.

Ɗan_Gwale: Na gode ƙwarai, na karanta duka har sau biyu. Har yanzu zuciyata ta kasu, in na karanta Hajjo da Ya_Bukar sai in ji ƙarfi, in na koma kan Maman_Ilham da Malama sai jikina ya yi sanyi. Wani abin da ban faɗa ba tun farko: ɗan abin da na taro a Fatakwal fili nake so in saya in gina, kuma an nuna min wani a bayan Janguza, awon igiya ne, da sauƙin kuɗi. Mai_Safiyo, me ka gani?

Mai_Safiyo: Kar ka biya yanzu. Ka fara zuwa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ka tabbatar wurin bai faɗa cikin wani shiri na gwamnati ko hanyar da za a fitar ba. Ka ga mai unguwa da dagaci, ka tambayi maƙwabtan gonar ko ta gado ce, in ta gado ce duk magada su sa hannu, har mata. Ka auna faɗin layin da kanka, in mota biyu ba za su gifta ba ka haƙura. Sannan in da hali ka jira watan takwas, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka je da safe ka ga inda ruwan ke kwanciya.

Maman_Ilham: Ka kuma tambayi matan layin nawa suke sayen kurar ruwa da bazara. Dillali ba zai gaya maka ba.

Alhajin_Kwari: In ka gama da maganar fili ka leƙo Kwari mu gaisa, ɗana. In akwai ragowar jari kar ka zuba shi duka a bulo.

Ɗan_Gwale: In sha Allah Alhaji, ranar Litinin da hantsi kamar yadda ka ce. Mai_Safiyo, zan turo maka hoton takardar da dillalin ya ba ni ta akwatin sirri, ka duba min kafin Juma'a don Allah.